Wanda Ya Sa wa Tsuntsu Kwalli

Daga Ofishin Shugaban Majalisar Ƙoli ta Masanan Tsuntsayen Gabas da Kewaye,
Masaukin wucin gadi: shagon Pak Seman, Alor Gelam, Perlis.
12 ga Fabrairu.

Zuwa ga Malam Rozlan bin Darus, direban babbar mota a tashar jiragen ruwa ta Johor.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda manya kan yi wa na ƙasa da su idan sun ga dama, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya zafin titi, yaya ciwon bayan nan da ke taso maka in ka daɗe a zaune? Kada ka tambayi yadda na san da shi. Mu farfesoshi ba a ɓoye mana komai.

Ni ne Farfesa Dakta Datuk Haji Kamaruzzaman bin Tajul Arus. Na san ba ka taɓa jin sunana ba, wannan kuwa laifinka ne, ba nawa ba. Kada kuma ka yi mamakin ganin takardar da ajami. Boko na yi shi har ya ƙare, shi ya sa na dawo rubutun kakanni don neman albarka.

Majalisa ta sake duba maganarka. Bara war haka kai ne mai kai baƙi kallon tsuntsaye a fadamar ƙauyenku, har daga Japan ake nemanka. Ka ce ka ga ɗan Mancuriya a cikin kacalar magudanar da ke bayan gonar mahaifinka, ɗan tsuntsun nan ruwan ƙasa da wani kan shekara goma yana nema bai gani ba, saboda kamarsu ɗaya da mai baƙar gira, wanda ya cika kowace fadama. Ka ɗauki hotuna bakwai ka aika wa kwamitin tantancewa. Kashegari sai ga hoto na takwas ya fita daga wayarka zuwa zauren masu kallon tsuntsaye: tsuntsu kusa-kusa, gira ɗoɗar kamar an ja da alƙalami. Motoci goma sha ɗaya suka taso tun daga Kuala Lumpur. Sai Malama Ooi, tsohuwar malamar makarantar nan ta Penang mai idon shaho, ta faɗaɗa hoton. Ta ga girar ta kwalli ce, ta ga zare ɗaure a ƙafar tsuntsun. Aka kira ka maƙaryaci, aka yi watsi da bakwai ɗin na gaskiya, baƙi suka ɗauke ƙafa. Ka rataye kyamara a ƙusa ka tafi Johor, ko uffan ba ka ce ba.

Ra'ayin Majalisa shi ne ba kai ka sa kwallin nan ba. Wani ɗan banza ne, muna kan bincike, Allah ya tona asirinsa, amma a hankali.

To yanzu gyara zama, in kana tuƙi ka taka birki. YA DAWO! Wallahi ya dawo! Yau Litinin da hantsi, a kacalar nan dai, kusa da gadar katako, ya hau kan kara ya ɗaga wutsiya, ya dubi duniya kamar shi ya halicce ta, astagfirullah, sannan ya nutse. Wanda ya gan shi kuwa ƙaninka ne, Jais. Na zaga ƙasashe saba'in ban ga saurayi mai hankali, da natsuwa, da kyawun fuska irin wannan ba. An ce ka toshe lambarsa, wasiƙunsa uku kuma ka mayar ba ka buɗe ba. Majalisa ba ta ji daɗin haka ba, amma ta yafe.

Ga inda gizo ke saƙa. An gama girbi, kuma Asabar ta farkon Maris za a yi gayyar share magudana kafin a sako ruwan shuka. Mahaifinku ne shugaban gayyar, kamar kullum. Ranar nan adda ba za ta bar kara ɗaya a tsaye ba. In kacala ta tafi, tsuntsu ya tafi. In ya tafi ba a ɗauke shi hoto mai kyau ba, sunanka ya zauna yadda yake.

Saboda haka Majalisa na umartarka ka kamo hanya. Mahaifiyarku ta jiƙa kifin pekasam, wanda ake tsimawa da gishiri da shinkafa, tun watan jiya, ta hana kowa taɓawa, har da ni da nake Farfesa.

A aiko amsa shagon Pak Seman. Ga hatimin Majalisa a ƙasa, don kada ka yi shakka.

Wassalam,
Farfesa Dakta Datuk Haji Kamaruzzaman.

Shagon Pak Seman,
21 ga Fabrairu.

Malam Rozlan,

Aminci ya tabbata gare ka. Ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu, in ka cire cizon sauro da ya mai da fuskata kamar bayan kada.

Amsarka ta iso, layi biyar cif, na ƙirga. Ka ce: "Ranka ya daɗe Farfesa, ba zan zo ba. Ba a gane tsuntsu da rantsuwa. Wutsiya fa? Baki fa? Layin saman gira siriri ne ko mai kauri? A turo hoto daga gefe. Hatimin Majalisa ya burge ni." Haba Malam! Mutum kamata ya rubuto maka shafi uku ka ba shi layi biyar? Amma ba komai. Shekara guda ke nan rubutun hannunka bai shigo ƙauyen nan ba. Mak, wato mahaifiyarku, ta karɓi takardar ta sa a ƙarƙashin matashinta.

Game da hoto. Ƙaninka ya sauko da kyamararka daga ƙusa, ya goge ta da gefen zanensa, ya kwana bakwai yana sintiri a bakin magudana. Ya ɗauki hoto ɗari huɗu da goma sha biyu. Ɗari uku da casa'in kacala ce zalla, ta fito ras, da ita ake nema da an gama. Biyu ɓaunar Pak Seman ce. Ɗaya babban yatsansa. Sauran kuwa tsuntsun ne, amma la'anannen, Allah ya ba shi lafiya, ba ya juyo wa mutum komai sai ɗuwawu. In baki ya fito wutsiya ta ɓuya, in wutsiya ta fito ganye ya rufe gira. Rannan Jais ya bi shi har cikin ruwa, ya fito da matsattsaku shida a ƙwauri, 'yan matan da ke komowa daga kasuwa suka ce masa, "Mai hoto, a ɗauke mu mana, mu ai ba ma gudu!"

Amma tsaya ka ji babban labari.

Ka san Jais bai yi boko ba, karatunsa a gaban Tok Guru ne, malamin allon ƙauyenku. Abu ɗaya dai ya koyo a can da kyau: yadda ake duba rubutaccen Alƙur'ani, ɗaya yana karantawa ɗaya yana bi da yatsa, wasali bayan wasali, ɗigo bayan ɗigo, ba a tsallake komai don an san shi. Sai ya wanko hotunanka bakwai na bara da ke cikin kyamarar, da nasa na bana, ya shimfiɗa su a tabarma. Ya riƙe na bana, Mak ta sa tabarau ta riƙe na bara.

Ya ce, "Baki dogo." Ta ce, "Dogo." Ya ce, "Maƙogwaro fari." Ta ce, "Fari." Haka suka gangaro har ƙafa. Ya ce, "Ƙafar hagu, yatsu uku a gaba." Ta ce, "Kai, tsaya. Nawa biyu da rabi ne, na tsakiya guntu ne, ba farce." Ya kai nasa hoton bakin taga ya ƙura ido. Abang, wato Malam Rozlan, nasa ma biyu da rabi ne!

Ba irinsa ba ne ya dawo. SHI ne! Shi ɗin nan da ka gani bara, ya je can arewa ya yi daminarsa, ya ƙetare ƙasashe, ya dawo kan kacalar Ayah, wato mahaifinku, da guntun yatsansa. Mak ta ce, "Tsuntsu ma ya san hanyar gida." Ta cire tabarau ta shige kicin. Ban ce komai ba, na dai faɗa maka abin da ta ce.

An gwada yi wa Ayah maganar ɗaga gayya. Ya ajiye cokali ya ce, "Gonaki arba'in ke jiran ruwan nan. Wanda ya ƙara ambatar tsuntsu a gidan nan, in ba soyayye ba, ya nemi wani uban." Tun abin da ya faru bara bai ƙara zama shan shayi a shagon Pak Seman ba, don kada a yi masa maganar gira.

Saura kwana goma. In ka rantse ba za ka zo ba, to don girman Allah ka rubuto yadda ake sarrafa abin nan. Ni na sani, ba sai an faɗa ba, amma Majalisa na son ta gwada ka.

Naka cikin girma da ɗaukaka,
Farfesa Kamaruzzaman.

Bakin magudana,
28 ga Fabrairu.

Malam Rozlan, salamu alaikum, kana lafiya, muna lafiya, kowa lafiya, bari in wuce gaisuwa don ba zan iya ba!

AN SAMU!

An bi takardarka harafi-harafi. Ka ce a murɗa ɗan maɓallin sama zuwa gida na uku, an murɗa. Ka ce a zauna tun kafin rana ta fito, a ba ta baya. Ka ce a daina bin tsuntsu, a zaɓi kara ɗaya da yake son hawa a jira shi a can. Ka kuma ce, "A gaya wa Jais ya rufe bakinsa awa uku. In ya iya, shi ya kamata a ɗauka hoto, ba tsuntsun ba." Wannan maganar ba ta dace ba, amma an isar.

Awa huɗu ya yi! Sauro ya yi walima a wuyansa bai mara ba. Ya karanta Yasin a zuci sau uku, yana cikin na huɗu sai kara ya motsa. Ga mutumin ya hauro a hankali, ya tsaya a gefe sosai kamar wanda za a yi wa hoton fasfo. Baki dogo, wutsiya doguwa, layin saman gira siriri kamar wasalin fataha, ba dambareren nan na mai baƙar gira ba. Ƙafar hagu a gaba, biyu da rabi. Ƙyas, ƙyas, ƙyas, hoto uku!

An tura su ga Malama Ooi tare da naka bakwai. Ta amsa da kalma biyu: "Ina zuwa."

Saura kwana uku. Yi addu'a!

Farfesa.

Gida,
3 ga Maris.

Zuwa ga Malam Rozlan bin Darus,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, ciwon baya ya yi sauƙi. Ayah na gaishe ka. Ban yi kuskuren rubutu ba, Ayah na ce, shi da bakinsa. Majalisa na farin cikin sanar da kai abin da ya faru jiya Asabar, kuma ina roƙo ka karanta har ƙarshe kafin ka yaga.

Malama Ooi ta iso da asuba, ita ke tuƙa kanta, da sandarta da 'yar hular kaba. Ta zauna a kan gadar katako ta kafa madubin hangen nesa. Ba a yi rabin awa ba ya fito. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Sannu da zuwa, ɗan Mancuriya." Ta fito da hotuna goma ta jera a cinya, ta duba yatsan nan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Shi ne. Bara ma shi ne. Rozlan ya yi gaskiya."

Jais ya yi tsalle har ya kusa faɗawa ruwa. Sai ta ɗaga sanda ta ce, "Zauna, ɗan saurayi, ban gama ba. Kwamiti ba tsuntsu kaɗai yake tantancewa ba, har da mai hoto. Mutumin da ya ɗaure tsuntsu ya yi masa kwalliya, ko mala'ika ya ɗauko ba za a karɓa ba. Hoto na takwas daga wayar yayanka ya fito. In ba shi ba ne, waye?"

A daidai lokacin maza arba'in sun taru a kan gaɓa da adduna da laujuna, Ayah a gaba yana raba wa kowa yankinsa. Tsuntsu ya tabbata, amma sunanka yana nan cikin taɓo.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Jais ya ruga gida da gudu, ya ɗauko tandun kwallin Mak, ya ja wa kansa gira tun daga hanci har kunne, ya dawo ya hau kan gada. Aka fashe da dariya. Pak Seman ya ce, "Kai, ga amaryar ɓauna!" Wani ya ce, "Darus, wannan ɗan naka ko a kai shi a yi masa tofi?" Jais ya ce wa Malama Ooi ta kunna wayarta ta ɗauka. Sannan ya ce, "Jama'a, da kwallin nan, da hannun nan, na yi wa tsuntsun hoto na takwas gira. Ni na kama shi a ragar shanyar shinkafa, ni na ɗaure shi da zaren ɗinkin Mak, ni na ɗauki wayar Abang, yayana, yana wanka na tura. Abang bai taɓa yin ƙarya ba. Ni ne."

Dariya ta ɗauke ɗif.

Ayah ya tako a hankali, adda a hannu, ni kuwa na fara kalmar shahada. Na ce "ni", ko? To bar shi haka, na gaji da gogewa. Ya tsaya a gabana ya ce, "Rozlan ya sani?" Sai Mak, da ta kawo wa 'yan gayya shayi, ta ce daga baya, "Tun ranar ya sani. Ya gane zarena. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba, ya ce in ka ji za ka kori yaron nan daga gida, shi kuwa babba ne, zai iya ɗauka."

Ayah ya zauna a ƙasa, a kan taɓo, da farin wandonsa. Ban taɓa ganinsa haka ba, kuma ba na fatan in sake.

Da ya miƙe ya yanke hukunci a gaban kowa. Za a share magudana duka, ban da taku talatin na wajen gada. Ruwa zai bi ta gefe, ta wata 'yar hanya da ni kaɗai zan haƙa da fartanya, ba mai taya ni. In tsuntsu ya koma arewa, taku talatin ɗin ma ni kaɗai zan share. Ya ƙara da cewa, "Girar nan kuma kada ka wanke ta sai gari ya gama gani." Haka na yi Azahar da La'asar a sahun gaba. Liman bai yarda ya juyo ba bayan sallama.

Malama Ooi ta sa hoton nawa a zaure, ta rubuta a ƙasa cewa ta janye maganarta ta bara, tana neman afuwarka, kuma za a shigar da hotuna bakwai ɗin da sunan Rozlan bin Darus, wanda ya fara gani. Kafin Magariba mutum sittin sun tambayi lambarka. Ayah ya je shagon Pak Seman ya sha shayi kofi biyu.

Saura magana ɗaya, Abang.

Babu wani Farfesa. Babu Majalisa, babu ƙasashe saba'in, ko Penang ban taɓa zuwa ba. Ni ne, Jais. 'Yar Pak Seman ce ke rubuta mini bayan ambulan da boko don kada ka gane hannuna ka mayar. Hatimin kuwa, da wuƙa na sassaƙa shi daga tafin silifas ɗinka shuɗi da ka bari a bakin ƙofa. Sai jiya ina haƙa, hannu duk bororo, na tuna ka ce hatimin ya burge ka. Na ajiye fartanya na yi ta dariya ni kaɗai, daga nan ban san lokacin da ta koma kuka ba, kwalli ya gangaro har haɓa. Ashe ka gane takalminka tun takardar farko, kuma ka amsa.

Wallahi ranar nan na zaci za ka ga hoton ka yi dariya, ka bi ni da gudu har bayan masallaci kamar kullum. Da na ga motoci sai tsoro ya kama ni, na yi shiru. Kai ma ka yi shiru, amma naka shirun ba irin nawa ba ne. Ka yafe mini, Abang. Na iya faɗa wa maza arba'in, kai ne na kasa, sai da na ari rawanin Farfesa.

Malama Ooi ta ce mutumin naka zai kai Afrilu kafin ya tashi. Azumi ya ƙarato. Kyamara tana kan ƙusarta, na goge ta. Pekasam yana nan, saura kaɗan, kada ka tambayi wanda ya rage shi. Warin silifas ɗin na dama ma yana bakin ƙofa, ban taɓa shi ba. Na hagun ne babu. Ka zo ka rama da wanda ya rage, ba zan gudu ba.

Ƙaninka mai gira,
Jais.